Gizo da Gammo: Wa Ake Ƙirgawa a Tarihin Runduna?

A Gaya da Ajingi tsofaffi ba sa cewa Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin Hitila suke cewa, kuma da shi ake auna shekaru: wance ana Yaƙin Hitila aka haife ta, wane shekarar da sojoji suka dawo ya yi auren fari. Sai dai mutanen da aka ɗiba daga wannan yanki da sunan yaƙar Hitila ba su gwabza da rundunar Jamus ko ɗaya ba. Iyayensu ne suka yi wannan, a Garwa da Mora ta ƙasar Kamaru, tsakanin 1914 da 1916. Su kuwa, waɗanda aka fara turawa Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha a 1941, mafi yawansu kuma Japanawa suka tarar a dazukan Bama. Ba Bama ta Borno ba, ƙasar da yau ake kira Myanmar.

Amma a wayoyinmu rundunonin Jamus ɗin ne suka yi suna. Kwanaki wani ƙaninmu da bai cika shekara ashirin ba ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na gida: dakarun Jamus suna fareti, takalma na dukan ƙasa lokaci guda, an ɗora kiɗa mai tsuma jiki. A ƙasa ya yi ta yabon tsarinsu da jarumtarsu. Yaron ya haddace lambobin rundunoni da sunayen janar-janar, duk daga YouTube da wasannin waya. Muka tambaye shi, tsohon nan na unguwarmu da muka taso muna kira Baba Soja, mai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a wace runduna ya yi yaƙi? Ya yi shiru. Mu ma da muka yi tambayar sai da muka haura talatin muka san amsarta, bayan tsohon ya daɗe a ƙasa, ranar da jikokinsa suka buɗe mana akwatin.

Wannan ne ya sa muka jera littattafai uku muka karanta su tare: na Christoph Rass a kan wata rundunar dakarun Jamus, da War Bush na John Hamilton, da Burma Boy na Biyi Bandele. Tambaya ɗaya muka riƙe a kan dukkansu: idan aka zo rubuta tarihin runduna, wa ake ƙirgawa, wa ake tsallakewa?

Abin da Jamusawa suka yi da nasu

A 1939 rundunar dakarun ƙasa ta Jamus takan ƙunshi kimanin mutum 17,000 da dawaki kusan 5,000. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa bidiyon ƙaninmu armashi, domin yawancin sojan Hitila da ƙafa suka shiga Rasha, doki na ja musu igwa da abinci.

Bayan 1945 ƙungiyoyin tsofaffin sojoji a Jamus ta Yamma suka yi ta fitar da tarihin rundunoninsu, kusan kowace da littafinta. Duk tsarinsu ɗaya: taswira, kwanan wata, kogin da aka ƙetare, tudun da aka riƙe, kwamandan da aka canja, lambobin yabo, sai jerin mamata. Jarumin littafin ita ce rundunar kanta. Ita ke tafiya, ita ke shan wuya, ita ke ja da baya cikin mutunci. Ƙauyukan da ta bi ta kansu sunaye ne kawai a taswira. Da irin waɗannan littattafai aka gina zancen cewa sojan Jamus na yau da kullum hannunsa tsaf yake, ta'asar duk aikin 'yan SS ce.

Zancen bai ɗore ba. A 1985 Omer Bartov ya bi takardun rundunoni uku da suka yi yaƙi a Rasha, ya nuna yadda kisan fursunoni da ƙona ƙauyuka suka zama aikin yau da gobe. A 1995 wata cibiyar bincike ta Hambug ta buɗe baje kolin hotunan laifukan sojan Jamus, aka yi ta zagayawa da shi gari-gari, ƙasar ta ɗauki zafi. Sai a 2003 Rass ya fitar da nasa littafin, Menschenmaterial, wato mutane a matsayin kayan aiki, a kan Runduna ta 253, wadda aka kafa a yammacin Jamus a 1939. Da Jamusanci yake, mun bi shi ne a hankali da taimakon manhajar fassara.

Abin da ya burge mu, a matsayinmu na masu sana'ar rubuta manhaja, shi ne hanyar da ya bi. Ya ɗauko fayilolin ma'aikata na sojojin, ya zuba su a rumbun bayanai: shekarar haihuwa, gari, sana'ar mutum kafin yaƙi, aure, horon da aka yi masa, raunin da ya ji, ranar da ya mutu ko ya ɓace. Daga nan rundunar ta daina zama jaruma mai suna guda, ta koma injin da ake ɗura wa mutane ta nan suna fita ta can. Sannan ya juya ga waɗanda injin ya taka. Ya bi diddigin abin da ya faru a Ozarichi ta ƙasar Belarus a watan Maris na 1944, inda rundunonin da ke yankin suka tattara fararen hula sama da 40,000 waɗanda ba za su iya yi musu aiki ba, tsofaffi da marasa lafiya da mata masu goyo, suka zuba su a fadama cikin waya mai ƙaya, ba rumfa ba abinci. Kafin sojan Rasha su iso, cikin kwanaki kaɗan, aƙalla 9,000 sun mutu. Wannan ma tsari ne, kuma shi ne ɓangaren da ba a ɗora wa kiɗa.

Rass bai tono wani sirri da aka binne ba. Takardun suna nan tun tuni. Tambayar ya canja: maimakon ina runduna take a rana kaza, sai ya ce su wa ke cikinta, su wa kuma ke ƙarƙashin takalminta. Littafin yana da nauyi, jadawali ya yi masa yawa, kuma mutum guda da fuskarsa bai cika fitowa ba. Duk da haka ya ba mu ma'aunin da za mu gwada namu da shi.

Rundunoninmu biyu

A cikin wannan watan na Maris 1944, 'yan Arewa suna can wani gefen duniya. Ingila ta kafa rundunoni biyu daga sojan Afirka ta Yamma a 1943: ta 81 da ta 82. Ta 81, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta haɗa bataliyoyin Nijeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Ita ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, bayan ta sassaƙa hanyar mota mai tsawon kusan mil 75 a cikin duwatsu da kurmi, yawanci da adda da diga. Daga sama ake jefo mata abinci da harsashi. An cire mata birged guda ta 'yan Nijeriya zalla, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ba Janar Wingate don dakarunsa na musamman da ake kira Chindit, masu kutsawa bayan layin Japanawa. Ta 82 ta iso Indiya a 1944, ta haɗu da 'yar'uwarta wajen kame garin Myohaung a Janairun 1945, sannan ta nausa kudu. A wannan zagayen ta yi asarar mutum 2,085 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, fiye da kowace runduna a wannan fagen. Kimanin 'yan Afirka 100,000 ne suka yi yaƙin Bama, kuma 'yan Nijeriya suka fi yawa.

Sunayen wuraren suna tare da mu har yau, ba mu dai lura ba ne. Barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Tamandu a Legas. Hatta barikin Dodan, da muke ji kamar dodon tatsuniya, sunan wani wuri ne a Arakan.

Tambarin Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, wanda shi ne Gizonmu mijin Ƙoƙi. Tambarin ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammo dai da muka sani, na ɗaukar kaya. Dalili shi ne inda Jamus ta dogara da doki, waɗannan rundunoni da kan mutum suka dogara. Kowace birged tana da dubban 'yan dako, sojoji ne masu lamba da kaki, amma aikinsu ɗaukar harsashi da rediyo da sassan igwa da masu rauni, a hanyoyin da ko alfadari ba ya iya bi, kuma yawancinsu adda ce makaminsu. Takardar sallamar da muka gani a akwatin Baba Soja ta nuna cikin waɗannan yake. Shekara da shekaru yana ba yara labarin ruwan sama da matsattsaku da shinkafa, bai taɓa cewa kaya ya ɗauka ba.

Hamilton: mai kare sunan runduna

John Hamilton hafsa ne a bataliyar Gambiya ta Runduna ta 81, kuma sai a 2001 ya fitar da War Bush. Littafin mai fushi ne, fushinsa kuma yana da hujja. A ganinsa tarihin gwamnati na yaƙin da kuma littafin Janar Slim na 1956 sun rage wa rundunar daraja, sun kambama koma-bayan da ta samu a wajen Kyauktaw a Maris 1944, sun yi shiru a kan cewa umarnin da aka yi ta ba ta daga sama ya saɓa wa juna. Hamilton ya bi kwana-kwana, tudu-tudu, yana gyara lissafi. Ya kuma ba 'yan dako haƙƙinsu fiye da yadda aka saba, ya nuna cewa ba don su ba rundunar ba ta motsa ba. Duk mai son sanin inda kakansa ya taka, dole ya bi ta wannan littafi.

To amma a siffa, War Bush ɗan'uwan littattafan tsofaffin sojan Jamus ne. Ba muna nufin yana ɓoye ta'asa irin tasu ba. Muna nufin jaruminsa runduna ce, kuma mutuncinta ya fito karewa. Turawan hafsoshi suna da sunaye da halaye, wannan mai barkwanci ne, wancan mai taurin kai. Baƙaƙen sojoji kuwa galibi a jam'i suke zuwa, sai wanda ya ci lambar yabo ko ya yi wani abin a-zo-a-gani. Ba ƙiyayya ce ta jawo haka ba. Kayan aikinsa ne: rajistar yaƙi ta kullum hafsoshi ke rubuta ta da Turanci, kuma hafsoshin kusan duk Turawa ne, har da 'yan Folan da aka aro bayan Jamus ta cinye ƙasarsu. Baƙin hafsa irin Seth Anthony na Gwalkwas ɗaiɗai ne. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya shiga tarihi da sunansa.

Akwai kuma inda littafin ya fara da inda ya tsaya. Tarihin runduna yana farawa ranar da aka kafa ta, ya ƙare ranar da aka rushe ta. Yadda aka yi saurayi ya bar gonar gero a Toranke ko Kademi ya tsinci kansa a jirgin ruwa zuwa Bombay, wannan ba ya cikin aikin marubucin. Haka abin da ya tarar da ya dawo.

Bandele: yaron maƙera a White City

Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan a 1967, ɗan tsohon sojan Bama ne, ya rasu a Legas a 2022. Burma Boy ya fito a 2007, kuma ya yi abin da Hamilton bai iya ba: ya ɗauki soja guda ya ba shi suna da baki. Ali Banana yaro ne da bai kai sha biyar ba, tsohon yaron maƙera, wanda ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Ciwon ƙaranbau ya raba shi da abokan tafiyarsa, ya ƙare cikin 'yan Chindit, a sansanin da Turawa suka sa wa suna White City, inda Japanawa ke kawo hari dare bayan dare.

Ga ɗan Gaya, sana'ar yaron ba ƙaramin abu ba ce. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka je Dala neman tama har Kano ta samo asali. Ganin ɗan maƙera a gaban ƙarfen da masana'antun duniya suka ƙera don kisa ya taɓa mu fiye da yadda marubucin zai yi zato.

Ƙarfin littafin a bakin mutanensa yake. Bandele ya san Hausar bariki: farabiti, kofur, samanja, kyaftin, janar. Ya san yadda soja ke zolayar juna a rami, da yadda musu a kan abin banza ke riƙe hankalin mutum kada ya tashi. Dangantakar Ali da Samanja Damisa, wanda ya zame masa uba, ita ce kashin bayan labarin, kuma abin da yaƙi ya tilasta wa yaron a kan wannan uban a ƙarshe shi ne wurin da dariyar littafin ta ƙare ƙaf. Babu mai karanta shafukan ƙarshe ya koma kallon fareti da ido ɗaya.

Duk da haka muna da ƙorafi uku. Na farko, littafin da aka rubuta don a dawo da baƙin soja tsakiyar fage, da Bature ya buɗe: Wingate a Alƙahira, cikin zazzaɓi, yana neman halaka kansa. Babin yana da kyau, amma ya nuna wa aka fara yi wa shimfiɗa. Na biyu, wautar Ali ta yi yawa. Mai karatu a Landan zai yi dariya ya so shi, mu kuwa wani lokaci sai mu ji kamar ana nuna mana ɗan ƙauyen da Turawan mulki suka saba zanawa, mai biyayya, mai ban dariya, marar tambaya. Hausar da ke cikin littafin ma ado ce a jikin Turanci. Tunanin yaron ba da ita aka gina shi ba, shi ya sa ba ma jin nauyin sallah da kunya da zumunci yadda za su kasance a zuciyar yaron da ya tashi a wannan ƙasa. Na uku, Bandele ya zaɓi 'yan Chindit, ɓangaren da ya riga ya yi suna. Mai bindiga ya samu littafinsa. Mai gammo har yanzu yana jira.

Kuma shi ma, kamar Hamilton, a Bama ya tsaya. Gida labari ne da ake tunawa a rami, ba wurin da ake komawa ba.

Gurbin da ba kowa

A sana'armu, abin da ya fi ba da wahala a rumbun bayanai shi ne gurbin da aka bari fayau, domin ba ka san ko babu abin ba ne, ko ba a damu a tambaya ba. Jamusawa suna da ofishi a Balin da ya tara katunan sojojinsu sama da miliyan 18, wanda aka mayar ƙarƙashin ma'adanar tarihin ƙasar a 2019. Jikan sojan Runduna ta 253 yana iya aika takarda a gaya masa inda kakansa ya yi aiki da inda ya faɗi. Rass ya iya rubuta littafinsa ne saboda ƙasar da ta mayar da mutane kayan aiki ta ƙirga kayan nata da kyau.

Mu kuwa, a shiga shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila a duba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. Sunan Bature yakan zo da shekarunsa da sunan iyayensa da garinsu, wani lokaci har da matarsa. Namu yakan zo da lamba da muƙami da ranar mutuwa, sai suna irin na bariki: sunan yanka haɗe da sunan gari, Audu Kano, Musa Sakkwato, Garba Katsina. Magatakardan ɗaukar soja babban gari yake so, don haka mutumin Gafasa ko Balare sau da yawa Kano za a rubuta masa. Wasu ma ba Hausawa ba ne, wasu daga ƙasar Faransa suka ƙetaro, suka ari suna a bakin layi. Saboda haka ko an ga sunan, da wuya a ce ga gidan da za a kai ta'aziyya. Hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa a yaƙin farko an bar aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

To ga bambancin. Tarihin rundunar Jamus takardu sun yi masa yawa, marubutansa na farko suka ɓoye laifi a bayansu. Namu takardun sun yi kaɗan, mutanen ne da kansu suka ɓace. Inda aka samu murya guda, dubi abin da ta haifar: Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya daga yankin Owo, an harbe shi a bakin Kaladan ranar 2 ga Maris 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata tara tare da wani ɗan Saliyo. Domin ya iya rubutu ya bar labarinsa, har Barnaby Phillips ya gina littafin Another Man's War a kansa a 2014. 'Yan'uwansa na Arewa dubbai ne, kuma da yawansu sun iya ajami. Ba a dai tambaye su ba.

Bashin da ke kanmu

Ba za a ce Hausa ta yi shiru ɗungurungum ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, tana isa hannun sojoji a can, su ma suna aiko mata da wasiƙu. Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙar Maraba da Soja. Amma ƙagaggen labari ya bar filin kusan fayau. Muna da Ganɗoki, mayaƙi mai kirari wanda ba ya gajiya. Muna da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da ya kalli abin da yaƙin basasa ya bari a hannun maza. Tsakaninsu akwai rami, kuma a cikinsa Baba Soja yake.

Littafin da muke jira ba fassarar Burma Boy ba ce, ko da yake ita ma za mu yi murna da ita. Ba kuma Ganɗoki a kurmi ba ne, domin idan muka mayar da abin kirari zalla, mun sake rubuta littafin tsofaffin sojan Jamus ke nan da Hausa. Muna jiran littafin da zai fara a ƙofar gidan dagaci. Masana irin su David Killingray sun nuna cewa abin da aka kira sa kai sau da yawa adadi ne da ake yanka wa sarakuna, su raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, gundumar Gaya tana cikin wannan tsani kamar kowace. To, idan takarda ta iso cewa a kawo mutum kaza, ɗan wa ake nunawa? Ɗan mai unguwa, ko maraya, ko baƙo, ko wanda ya kasa biyan haraji, ko saurayin da ke neman yarinyar da wani babba ke so? Wa ya tafi da kansa saboda kaki da albashi? A shekarun nan ne kuma ake tilasta wa wasu zuwa haƙar kuza a Jos. Wannan duk labarinmu ne, kuma ba Bature kaɗai zai ji kunya a cikinsa ba.

Sannan littafin ya yi tambayar Rass ta biyu. Arakan da sojojinmu suka shiga ƙasa ce da Musulmi da mabiya Buddha suka yi wa juna kisan gilla a 1942. Ƙauyawan can sun ga baƙin sojoji masu yunwa suna ratsa gonakinsu na shinkafa. Ba muna daidaita wannan da Ozarichi ba, ko kusa. Muna cewa duk runduna a kan ƙasar wasu take tafiya, kuma marubucin da ya ƙi kallon ƙasa ya zama maroƙin rundunar.

Daga ƙarshe ya dawo gida tare da mutumin a 1946: matar da aka ɗaura wa aure da wani saboda an ɗauka ya mutu, kuɗin sallama da suka ƙare kafin kaka, aikin ɗan doka ko masinja ga mai sa'a, ihun dare da ake cewa iska ce, da kuma dalilin da zai sa dattijo ya ɓoye wa jikokinsa cewa kaya ya ɗauka, alhali gammon nasa ne tambarin rundunar baki ɗaya.

Kayan aikin ba su ƙare ba tukuna. Fayilolin Lardin Kano suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ana samun tsofaffin kofen Gaskiya a ɗakunan karatu na Kaduna da Zariya. Waɗanda suka je sun kusa ƙarewa, domin wanda ya shiga soja yana ɗan sha takwas a 1943 yau ya kai ɗari, amma 'ya'yansu suna nan a Kunkurawa da Shagogo da cikin garin Gaya, da akwatunan ƙarfe da ba a buɗe ba. Wayar da muke kallon faretin Jamus da ita tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoton takardar sallama. Lambar soja, sunan bariki, sunan gida na gaskiya, ƙauye, sunan uwa: gurbi biyar ke nan, kuma uku na ƙarshe mu kaɗai za mu iya cike su.

Mun tura wa ƙanin namu hoton tambarin Runduna ta 82 ba tare da bayani ba. Ya gane masun nan take. Zoben da ke ƙarƙashinsu ne ya tsaya yana tambaya, sai da wata gwaggonmu ta karɓi wayar ta duba, ta ce masa, kai ɗan nan, ai gammo ne.